Ya ce gidan da na ba shi jingina ya zama nasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara na karɓi bashin naira miliyan 4 a wajen wani attajiri don in sari albasa, na ba shi takardun gidana na unguwar Mabera a Sakkwato jingina. Muka rubuta cewa in shekara ta cika ban biya ba, gida ya zama nasa. Albasa ta ruɓe, wa'adi ya cika, yanzu ya ce in kwashe iyalina. Dillalai sun ce gidan ya kai miliyan 11. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yaye maka, ɗan'uwa, ya mayar da alheri.

Jingina halal ce. Ta zo a aya ta 283 cikin Suratul Baƙara, kuma Annabi (SAW) ya yi wafati sulkensa na jingine a wajen wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓar wa iyalinsa. Amma sharaɗin nan da kuka rubuta ɓatacce ne. Imamu Malik ya kawo hadisin da ya hana a cinye jingina a cikin Muwaɗɗa, ya kuma fassara shi da irin wannan sura taku: a ce in ba ka kawo kuɗi ranar kaza ba, kaya sun zama na mai bin bashi. Ya ce bai halatta ba. Sa hannu da shaidu ba sa halatta abin da shari'a ta hana. Gida naka ne har yau. Abin da yake bin ka miliyan 4 ne, ko kwabo ba ya hawa kai, don ƙari a kan bashi riba ce.

Sai dai kada ka ɗauka bashin ya faɗi. In ka kasa biya, yana da haƙƙin neman a sayar. Hanyar ita ce ku yarda ka sayar da kanka, ko ya kai ƙara kotun shari'a alƙali ya sa a sayar. Malamanmu na Malikiyya sun ce ba a gaggawar sayar da gidan wanda bashi ya ci ƙarfinsa, ana jinkirta kamar wata 2 ana cigiya don a sami farashi mai kyau. A cire masa kuɗinsa, ragowar a miƙa maka.

Shi kuma Alhaji, ina roƙonsa ya ji tsoron Allah. Aya ta 280 cikin Suratul Baƙara ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu hali. Wallahi abin yana ci mini rai, yadda ake fitar da mata da yara titi a garin Shehu saboda bashin da bai kai rabin kuɗin gida ba.

Ka fara da sulhu ta hannun limaminku ko mai unguwa. In da shago ko fili, sayar ka rage bashin. Kada ka sa hannu a wata sabuwar takarda kafin lauya ko alƙali ya duba ta.

Wallahu a'alam.