Me ya hana Allah ya ce "na yafe" kawai?

Tambaya: Baba Fasto, ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Sumaila. Kullum ana yi mana wa'azi cewa Allah ƙauna ne. To in haka ne, me ya hana ya yafe mana zunubi kawai, sai da Yesu ya mutu a kan gicciye?

Amsa: Ɗana, tunda kai manomi ne, mu taka zuwa gona. A ce shanun huɗar maƙwabcinka sun tsinke igiya da dare, sun faɗa gonarka gero ya fid da kai. Gari ya waye, mai unguwa da dattawa suka zaga, suka kimanta ɓarnar dami goma. Mutumin ko zangarniya ba shi da ita. Ka dube shi ka ce, "Je ka, na yafe." Madalla. Sai dai damin nan goma bai shiga rumbu ba, kuma in damina ta zagayo kai ne za ka je awo kasuwa. Asarar tana nan daram, wuyanka ta hau.

Nan koyarwar Kirista a kan kafara, wato yadda mutuwar Yesu ta kawar da zunubi, ta tsaya. Zunubi ɓarna ce ta gaske, Allah mai adalci ba ya kau da kai kamar ba a yi ba. Ya yafe, shi kuma ya ɗauki asarar. Shi ya sa Manzo Bulus ya ce a 2 Korantiyawa 5:19 Allah ne da kansa cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa. Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, wajen shekarar 1098, ya kwatanta abin da bashi: ɗan Adam ya ci, ba shi da abin biya, Allah kaɗai ke iya biya, don haka ya zama mutum.

Kalmar kafara ma takan rikita mutane. A bakin maƙwabtanmu Musulmi kaffara abu ce da mai laifi yake yi da kansa, azumi ko ciyarwa. A wurinmu Allah ne ya tanada ta.

Akwai wa'azin da ba na so, kuma nakan ji shi a majami'un ƙauye: wai Uba ya fusata, Ɗa ya shiga tsakani ya lallashe shi. Ba haka aka rubuta ba. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, ta haka Allah ya nuna ƙaunarsa. Ƙaunar ce ta riga gicciyen.

Batun jini kuwa, buɗe Littafin Firistoci sura 16. Sau ɗaya a shekara ake kawo bunsuru biyu. A yanka ɗaya, babban firist ya shiga Wuri Mafi Tsarki da jininsa. Ɗaya bunsurun kuwa, firist ɗin ya ɗora masa hannu, ya furta laifofin jama'a a kansa, a kora shi jeji. Baɗi a sake. Ibraniyawa 10 ta ce jinin bijimai da na awaki ba ya kawar da zunubi, hadayar Almasihu kuwa sau ɗaya tak aka miƙa ta. Ka karanta surorin biyu a zama ɗaya, ka fara da ta Firistoci.