Supra biyu, injin ɗaya: me ya raba ƙarfin dokinsu?

Tambaya: Assalamu alaikum. A majalisarmu musu ya ƙi ƙarewa. Mun ga bidiyon Toyota Supra guda biyu a Amurka, injin iri ɗaya, kowacce an ɗaura mata babban turbo (na'urar da ke cusa iska cikin injin), matsin iskar ma ɗaya, bar 1.5. Mai ta farko ya ce doki 600 take bayarwa, na biyu ya ce tasa 510. Waye maƙaryacin? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba lallai ne a samu maƙaryaci a cikinsu ba. Kowa da mudun da ya auna, kai kuma ka san mudun wata kasuwa ba na wata ba ne.

Fara tambayar inda aka ɗauki lissafin. Kamfani a jikin injin yake aunawa, tun kafin a haɗa shi da giya. Masu gyara kuwa sukan hau da motar kan na'urar daino, tayoyi su juya wasu manyan ganguna, a karanta abin da ya iso ƙasa. Tsakanin karanshaf da taya akwai giyabos da farfela da aksul, kowanne yana cin rabonsa. A motar da ke ja da baya kamar Supra, ana ƙiyasta asarar da kusan kashi 15 cikin 100. Cire wannan daga 600, me ya rage? 510 cif. Ka ga ana iya yin musu a kan doki ɗaya: na farko ya faɗi na jikin injin, na biyu ya faɗi na taya.

Su kansu na'urorin ba bakinsu ɗaya ba. Daino ƙirar Dynojet ta saba ba da lamba mai tsoka, ƙirar Mustang kuma ta yi suna wajen rowa. Sai gyaran lissafi saboda yanayi: ma'aunin SAE, na ƙungiyar injiniyoyin mota, yana ɗaukar zafin iska digiri 25, wani ma'aunin da ake kira STD kuma yakan ƙara kusan kashi 4 a kan lambar SAE. Mai son burga ya san wanda zai zaɓa. Ko kamfanonin ma sun taɓa wasa da lamba: daga 1989 zuwa 2004 na Japan sun yi yarjejeniyar kada a tallata fiye da doki 280 a gida, shi ya sa injin Supra, 2JZ-GTE mai lita 3, ya fito da 280 a takardar Japan, 320 a ta Amurka, ko da yake turbo ɗin ma sun ɗan bambanta.

Batun bar 1.5 ne ya fi ruɗar matasa. Matsi ba yawan iska ba ne. Ƙaramin turbo da aka takura zai kai wannan matsin, amma iskar ta yi zafi ta yi sako-sako. Babba yana tura mai sanyi mai nauyi. Injin kuwa nauyin iska yake ƙonawa da fetur. Kawo motar Kano a watan Afrilu, zafi digiri 40, iskar ta riga ta rage nauyi da kusan kashi 5 in aka gwada da ta digiri 25, in fetur ɗin ma ba mai jure matsi ba ne, kwamfutar injin ta ja baya don kada fistin ya narke.

Ni da za a ba ni takardun gwajin biyu, ba ƙololuwar zan duba ba. Zan duba inda ƙarfin murɗawa ya fara tashi. Wadda turbonta ba ya farkawa sai juyi 5,000 a minti, kafin ta ankara mai tashi a 3,500 ta ba ta ƙura daga danja zuwa danja.