Ra'ayin riƙau: me ya sa hujja ke ƙara wa wani kafiya?

Tambaya: Malam, yayana ya ce ƙarya ne, ba wanda ya sauka a kan wata a 1969. Duk hujjar da muka kawo sai ya ƙara kafewa. Wannan camfi ne ko aƙida? Kuma "hali zanen dutse" na nufin mu haƙura da shi ke nan?

Amsa: Ba camfi ba ne. Camfi da tsoro yake tafiya: in ka yi kaza, kaza zai same ka. Shi ya sa wasu dogayen gine-gine a Amurka ba su da hawa mai lamba 13. Yayanka ba abin da yake tsoro.

Aƙida ta fi kusa. Daga Larabci muka aro ta, kuma tushenta ƙulli ne. Sai dai ni ra'ayin riƙau zan kira abin da ka kwatanta. Dubi ƙirar kalmar: riƙau daga riƙe, kamar mantau daga manta, makarau daga makara. Wannan "-au" ba ta nufin wanda ya yi abu sau ɗaya, tana nufin wanda abin ya zame masa jiki. Ashe tun a cikin kalmar an ɗora abin a kan hali, ba a kan ra'ayin ba.

Amma hali ba shi kaɗai ba ne. A 1954 wasu mutane a yankin Chicago suka gaskata cewa ambaliya za ta cinye duniya ranar 21 ga Disamba, jirgi daga sama zai zo ya kwashe su. Wasu har sun bar aikinsu. Masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger da abokan aikinsa suka sa musu ido. Dare ya raba, shiru. Kafin asuba shugabarsu ta ce saƙo ya zo: imaninsu ne ya sa aka yafe wa duniya. Maimakon su ji kunya, sai suka shiga neman 'yan jarida. Wanda ya yi asara mai yawa saboda ra'ayi, sakinsa ya fi masa ciwo. So hana ganin laifi, ai ba ga masoya kaɗai ba.

Batun zanen dutse kuwa, karin magana tana da zuguiguita, kada ka ɗauke ta fatawa. A cikin mutanen nan, waɗanda suka yi jiran ranar su kaɗai a gidajensu sun fi saurin sakin ra'ayin. Saboda haka ka daina ƙure yayanka a gaban jama'a. Ka same shi shi kaɗai, ka tambaye shi wace shaida ce za ta gamsar da shi, sannan ka yi shiru ka ji.