Murya: amsar tambaya kan sel ɗin sola na PM6 da Y6

Assalamu alaikum. Ƙanena, na saurari tambayarka, wai sel ɗin solarka na PM6 (folima mai ba da ilaktaron) da Y6 (sinadari mai karɓarsa) ya tsaya a kashi 9 cikin 100 na hasken da yake mayarwa lantarki, ko ka nemi wani sinadarin. Kar ka ɓata kuɗinka. Wannan haɗin ne ya ba da kashi 15.7 a 2019, lokacin da masu bincike a Changsha ta ƙasar Sin suka fito da Y6. Gyaran yana hannunka.

Duba FF ɗinka tukuna, wato ma'aunin yadda sel ke fitar da lantarkin da ya samar ba tare da asara ba. In bai kai kashi 60 ba, mai yiwuwa shimfiɗar sinadaran ce ba ta kwanta daidai ba. Kuzarin da haske ke tayarwa a cikin folima tafiyar nanomita 10 zuwa 20 kawai yake yi ya mutu, dole ya tarar da mahaɗar sinadaran biyu a kusa. To, a haɗa PM6 da Y6 1 da 1.2 bisa nauyi, miligiram 16 a kowace mililita ta kulorofom, a ɗiga CN, wato sinadarin kuloronaftalin, rabin kashi ɗaya cikin 100. Rabi fa! In ka zarce, Y6 zai dunƙule guda-guda, lantarkin ya ragu. Kaurin ya tsaya wajen nanomita 100, a gasa a digiri 110 na minti 10. Kulorofom a digiri 61 yake tafasa, ɗaki mai zafi irin namu kuwa kafin ka danna injin da ke juya gilashin don shimfiɗa ruwan ya fara bushewa, sai ka ga zane-zane a kan gilashin. Ka ɗiga yayin da yake juyawa.

Au, na tsallake. Tun farko a wanke gilashin ITO, wato gilashi mai rufin da ke ɗaukar lantarki: sabulu, tataccen ruwa, asiton, aisofurofanol, minti 15 kowanne, sannan hasken UV da ozon. PEDOT:PSS, shimfiɗar da ake fara sawa a kan ITO, kuma tsami gare shi, yana cin ITO, yana shan raɓa, da damina sai a hankali.

Amma abin da ke ba ni haushi shi ne awo babu marufi, wato abin rufe sel mai tagar da haske ke bi. Haske ya shiga ta gefe, Jsc, wato yawan lantarkin da ke kwarara daga sel, ya kumbura, mutum ya zo yana murna da kashi 18. Wane 18? A sa marufi mai faɗin da aka sani, a daidaita fitila a miliwat 100 kan kowace murabba'in santimita, a gwada Jsc da na EQE, wato awon lantarkin da kowane launin haske ke bayarwa. In sun saɓa da fiye da kashi 5, lambar ƙarya ce. Kai ma naka 9 ɗin da marufi ka auna? Turo min hoton layin J-V ɗin, wato zanen awon lantarki da bolta, mu gani.