Ku Tambaya: In Sayi Na'ura Don Koya wa Ɗalibai Warware Matsala?

Wani mai makarantar kuɗi a Kaduna ya rubuto: "An kawo mini tallar akwatunan haɗa mutum-mutumi da na'urar 3D mai ƙera abubuwa da roba, wai da su ake koya wa 'yan sakandare tsara mafita. In saya?"

Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Dabarar nan ta tsara mafita da Jami'ar Stanford ta Amurka da kamfanin IDEO suka yayata matakai biyar ce: ɗalibi ya saurari mai matsala, ya gano ainihin damuwar, ya zubo shawarwari, ya haɗa samfuri, ya gwada. Kwali, gam da almakashi sun ishe shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sayen kaya don hoton talla. Na taɓa shiga wata makaranta na tarar da irin akwatunan nan jibge a kabad, ko ledarsu ba a ɓare ba. Malamin da aka horar ya bar aiki, wuta babu, ga shi an riga an lafta wa iyaye ƙarin kuɗi. Kuma allunan Arduino, wato ƙananan allunan lantarki da ke sarrafa mutum-mutumin, na jabunsu sun cika kasuwa. In ka nace, sayi ɗaya, a jona shi a gabanka, ka karɓi rasit.

Ka tuna marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa. Asarar manoma ya duba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don sanyaya amfanin gona. Yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27, har ya ci lambar yabo ta Rolex a 2000. Nawa ne tukunya?

Wata malamar makarantar gwamnati ta ce ɗalibanta 80 ne, ba ta da ko sisi, tana tsoron ta cuce su.

Malama, kwantar da hankalinki, ba ki cuci kowa ba. Raba su rukuni-rukuni, ki ba su matsala ɗaya da suke gani kullum, kamar turereniya a bakin famfo lokacin tara. Su fara tambayar 'yan aji ɗaya da ake turewa kafin kowa ya kawo shawara. Yara kan so tsallake wannan mataki, kada ki bari.

Sai wani uba: "Wace kwamfuta ce za ta sa ɗana ya zama mai ƙirƙira?"

Babu ita, Malam. Miƙa masa fankar gidanku da ta mutu da sukundireba, amma a fara cire ta daga wuta.