Kafin ki sayi sabon injin ƙyanƙyasa, ki fasa ƙwan da suka ƙi fitowa

Tambaya: Na zuba ƙwan kaji 60 a injin ƙyanƙyasa a gida, 'yan tsaki 19 kawai suka fito. Karo na biyu ke nan. In sayi wani injin, ko in haƙura da sana'ar?

Amsa: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Asarar da ciwo, amma kada ki taɓa sauran jarinki tukuna. Ki kwashi ƙwai 41 ɗin nan ki fita da su waje, ki fasa ɗaya bayan ɗaya, ki duba cikinsu da kyau.

Wanda kika tarar gwaiduwa ce zalla, babu ko ɗigon jini, galibi zakara ne bai taka kazar ba, ko ƙwan ya daɗe a ajiye. Da ya wuce kwana 7 ƙarfinsa raguwa yake. In irin waɗannan ne suka fi yawa, mai sayar miki da ƙwai za ki sauya, injinki lafiyarsa lau.

In kuwa kin ga zoben jini a jikin ɓawo, tsakon ya fara ya mutu da wuri, kuma ni zafi nake fara zargi. Inji mai fanka digiri 37.5 na Celsius yake so. Kada ki dogara da lambar da yake nunawa. Ki sa wani ma'aunin zafi daban daidai saman ƙwan. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe. In suna fitowa tun ranar 19, zafi ya yi yawa; in sai 23, ya yi kaɗan.

Wanda ya fi ɓata min rai shi ne tsako cikakke da gashinsa, ya huda ɓawo da baki, fatar ciki ta bushe ta manne masa, ya mutu a nan. Wannan rashin laima ne, wato damshin iskar cikin injin. Kwana 18 na farko ki riƙe ta kashi 50 zuwa 55, kina juya ƙwan aƙalla sau uku kullum. Daga nan ki daina juyawa, ki ɗaga ta zuwa 65 ko 70, ki bar murfin a rufe. Na san zumuɗin leƙawa in an ji kukansu, amma kowace buɗewa laimar take kwashewa.

Zubi na gaba ki gwada da ƙwai 20 kawai. Ranar 7 ki haska su da tocila a ɗaki mai duhu, ki cire marasa jijiya. Ki rubuta kuɗin ƙwai da na wuta, ki raba da yawan 'yan tsakin da suka rayu. In kuɗin tsako ɗaya bai kai yadda kike sayar da shi ba, sai ki cika injin.