Kafin ki sayi fentin nan, saurari gwaggonki

'Yata, na ga saƙonki tun jiya da daddare, na karanta na sake karantawa, sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki sannan kuma jikina ya yi sanyi. Wai kina tambaya ko al'ada ce ko kuwa camfi ne ya sa a danginmu ba a shigar da ko kujera ɗaya sabon falo sai an wanke taga an shafe bango da fari, don ke falon gidan da kuka kama duhu gare shi kamar kogo, kuma kin ga ana yayin fenti ruwan toka mai duhu kina sha'awa, in ya so ki sayo ƙaton kwan fitila ki rataya a tsakiya shikenan. Camfi! Allah sarki Inna, da tana raye ta ji wannan kalmar da sai ta riƙe haɓa. Abin da ya sanyaya min jiki kuwa shi ne da kika ce ko da tsakar rana sai kin kunna wuta kike ganin fuskar yaron nan sosai. Yaro yana rarrafe cikin duhu, wannan kam bai kwanta min ba ko kaɗan.

Bari dai in ba ki labari, ke kya tsinci abin tsinta a ciki.

Lokacin da muka tare a gidan hayarmu na farko ni da marigayi ban ma kai shekarunki ba. Ciki da falo ne, falon taga ɗaya gare shi tak tana kallon gabas, kuma katanga na tsaye a gabanta bai fi taku huɗu ba. Waɗanda suka zauna kafin mu fitilar kananzir suka yi ta kunnawa shekara da shekaru, hayaƙi ya bi bango ya bi silin duk ya dafe, siminti ne dama ko fenti babu. Ni kuma da ƙuruciya na zo na ƙara wa Borno dawaki, na samo labule mai kauri ja wur na buga da ƙusa ya rufe tagar ruf, ga wata ƙatuwar sif ta baƙin katako da nake ji da ita, na rasa inda zan kafa ta sai na jingina ta gefen tagar ta cinye kusan rabi. A raina na gama haɗa falo. Wata uku ina zaune a ciki kullum kaina na sarawa, raina a ƙuntace ba dalili, in marigayi ya dawo ya tambaye ni me aka yi min in ce ba komai, kuma da gasken ba komai ɗin.

Sai ga Inna, kakarki kenan, ta zo ganin wuri. Ta yi sallama ta shigo da hantsi ta tsaya cak a bakin ƙofa tana ƙifta ido, ta lalubi kujera ta zauna, muka gaisa, ba ta ce uffan kan ɗakin ba. Can sai tace in miƙo mata allura da zare gefen mayafinta ya farke. Na kawo. Tace a'a ke za ki zura min, idona ya tsufa. Wallahi 'yata na yi na yi, ina lasar zaren ina murzawa ina kai shi bakin allurar yana zamewa, ni mai shekara ashirin ba 'yan kai, rana tsaka, sai da na tashi na fita tsakar gida sannan ya shiga a karo ɗaya. Ina dawowa tace to kin gani, ɗakin da uwar gida za ta fita waje neman kafar allura ai ba ɗaki ba ne, rami ne. Sannan ta faɗi maganar da har yau take kunnena, tace haske baƙo ne mai kunya, in ya yi sallama ya ga an tare masa ƙofa ba ya sake yi.

Washegari da sassafe ta sa aka fitar da komai waje, har sif ɗin, sai da maza uku suka ciccibe ta. Ta zare labulen da hannunta, ƙura ta turnuƙe muna ta tari. Ashe gilashin tagar kansa ya yi wata irin dattin da ban taɓa lura ba, ga yanar gizo ta cika raga, ga gawar kwari a ƙasan firam. Bokiti uku muka canza, na farko ruwan ya koma baƙi ƙirin, na biyu ruwan ƙasa, sai a na uku tsumman ya fita da haskensa. Tun kafin a taɓa bango falon ya soma buɗe ido.

Daga nan aka kankare baƙin hayaƙin aka jiƙa farar ƙasa. Ta ɗaure min hannu da tsumma don tana cin fata, tace kar in yarda ta fantsar min a ido. Muka fara da silin sannan bango. To kin san farar ƙasa in tana ɗanya ba fara ba ce, wani toka-toka take yi shara-shara ana hango dattin ƙasa ta ciki, ina ganin haka sai hawaye, nace Inna mun ɓata wa mutane ɗaki mai gida zai kore mu. Ko kallona ba ta yi ba, tana ta jan buroshi tace sannu ba ta hana zuwa, bari ta sha iska. Aka yi shafi na biyu. Sannan ta yi abin da ya ɗaure min kai, ta ɗauki ragowar bokitin ta zagaya waje ta shafe katangar nan da ke kallon tagar. Nace Inna wa zai zauna a can. Tace rana ce za ta zauna, in ta huta ta leƙo miki.

Wajen la'asar muna zaune a tsakar gida duk mun yi fari fat kamar an tono mu, ta ce in je in duba. 'Yata ban san ɗakin ba. Bangon ya bushe ya yi fari tas, rana ta bugi katangar waje ta dawo ta tagar ta bazu har lungun da ban taɓa ganin ƙasansa ba, har wani ɗan kunnena da ya ɓace tun makon farko na hango yana ƙyalli a kusurwa. Ta ɗauko madubina da ke ɓoye a uwar ɗaka ta kafa a bangon da ke fuskantar tagar, sai ya zama kamar an huda taga ta biyu. Sif kuwa tace ba za ta koma falo ba, ciki aka kai ta. Ta tsaga wani farin yadi mara nauyi ta yi min labule, ta sa sandar ta zarce faɗin tagar hagu da dama yadda in an yaye zai tsaya kan bango ne ba kan gilashi ba. Na zauna a tsakiyar falon na zura mata zaren nan ba tare da na tashi ba, ta karɓa ta ɗinke mayafinta tana murmushi. Ciwon kan nan ban san ranar da ya tafi ba.

Cewa take baƙin bango makwaɗaici ne, abin da rana ta kawo wa mutan gida shi yake cinyewa. Shekaru da yawa bayan rasuwarta wani mai fenti da ya yi mana aiki ya nuna min a jikin katin kaloli, ashe har lamba ake ba kowace kala daga 0 zuwa 100 gwargwadon hasken da take mayarwa. Fari yana mayar da wajen kashi 80 ko fiye, irin tokan nan mai duhu da kike so kuwa ko kashi 20 ba ya kaiwa. Na tuna Inna da ba ta taɓa riƙe katin kala ba, na yi shiru. In farin ne ya yi miki kama da asibiti akwai ruwan madara, akwai ruwan ƙwai mai haske, amma silin dai ki bar shi fari. Kuma kar ki biye wa mai sheƙi sosai, yana kashe ido yana tona duk wani ƙulu da ke jikin bango.

Shi kuma ƙaton kwan da kike shirin ratayawa, tsakiya kawai zai haska ya bar lunguna da inuwa, in mutum ya zauna a ƙarƙashinsa ma idanunsa su yi zuru-zuru. Gara ƙanana uku ko huɗu a rarrabe, ɗaya kan ɗan teburi, ɗaya mai tsayi a lungu yana haska bango da silin, farin bangon zai raba sauran. Ki riƙa duba kwalin, lumen shi ne yawan hasken, wat cin wuta ne kawai. Tsohon kwan nan mai wat 60 lumen 800 yake bayarwa, na LED mai wat 9 ko 10 zai ba ki daidai da shi. Akwai kuma lamba mai K a gefe, 2700 ko 3000 haskensa ɗumi-ɗumi ne mai daɗin zama, 6500 kuwa shuɗi-shuɗi ne, shi ne yake mayar da fuskar mutum kamar marar lafiya. Ni da kaina yanzu haske nake bi, likitan ido ya ce min wanda ya kai shekara 60 kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da ke shiga idon ɗan shekara 20 yake samu, to in na zo miki ina za ki zaunar da ni.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu kenan, ba ke kaɗai ba. In na shiga gidajenku labule hawa uku har ƙasa, a rufe safe da yamma, baƙaƙen kujeru manya-manya sun cika ko'ina ba wurin juyawa, kafet mai duhu, kowa ya dunƙule da waya a hannu ita ce ke haska masa fuska. Kun gani a hoto ya yi kyau, ba ku san mai hoton falonsa tagogi ne tun daga ƙasa har sama ba. Mu ma da laifinmu, mun riƙa cewa ku yi kaza ba mu zaunar da ku mun faɗi dalili ba, shi ya sa yau har kike kiran abin camfi. Ni ma ban taɓa tambayar Inna wa ya koya mata ba, ina ganin kullum tana nan, yanzu ga shi ina son tambayar babu wanda zan yi wa.

Kujerun naki in masu duhu ne ba sai kin sayar ba, ki yafa musu yadi mai haske ki sa filo masu haske, kafet ɗin nan kuma ki naɗe shi tukuna ki ga yadda ƙasan zai yi. Ki duba min me kika jingina kusa da tagar, na san halinki da son tara kaya. Fentin dai kar ki saya yanzu. Gobe ki yaye labulen gaba ɗaya ki wanke gilashin ciki da waje har ragar, ki ɗaukar min hoto ɗaya da hantsi ɗaya da la'asar ba tare da kin kunna wuta ba, ki kuma leƙa ki gaya min ko akwai katanga a gaban tagar da kalar da take. Ki shafa min kan ɗan jikan nawa, ki gaida maigidan.